DAGA ZAUREN MALAM: Yaya Za Mu Gane Bishewar Allah?

 

A nan ƙasar Watari babu lokacin da magidanci yake rasa barci kamar tsakanin yankan dawa da Kirsimati. Da damina kowa ya san aikinsa, gama ruwa ne yake ba da umurni: a yi shuka, a yi firi, a yi maimai. Amma da zarar dami ya shiga rumbu, sai shawarwari su taso su cika gida. Wannan yana tunani ko ya kama fili a bakin dam ya yi tumatir da albasa, ko kuwa ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani Legas. Wancan an aiko neman auren 'yarsa, bai san abin da zai amsa ba. Wani ɗansa ya gama sakandare, yaron ya ce yana jin kira zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, uban kuwa yana duban gona yana duban ƙarfinsa da ya fara ja da baya. Ga gwauruwa an yi mata tayin gonar da mijinta ya bari, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne.

Tun da aka gina dam ɗin Watari, daga 1977 zuwa 1980, hanyoyi suka ƙaru a gabanmu. Inda hanya ta rabu kuwa, nan ake tsayawa a yi tambaya. Tambayar da ta fi zuwa mana, a baki da a takarda, ita ce, "Malam, yaya zan san abin da Allah yake so in yi?"

Tambaya ce mai kyau, muna kuwa murna da masu yinta. Amma bari mu saurare ta sosai tukuna, domin sau da yawa akwai wata tambaya kwance a ƙarƙashinta. Mutum yakan ce nufin Allah yake nema, amma in ka zauna da shi kaɗan sai ka tarar abin da yake so ya sani shi ne, tumatir zai yi kuɗi bana ko ba zai yi ba? Auren nan zai yi albarka ko zai mutu? In na tafi Legas zan dawo da babur? Wato labarin gobe yake nema.

Mun san inda wannan ƙishi ya fito. Yawancinmu a gidajen masu bi na wannan ƙasa jikokin Maguzawa ne. Kakanninmu ba sa ɗaura aure, ba sa tafiya mai nisa, ba sa saran sabuwar gona, sai an je wurin boka an buga ƙasa, ko an tambayi 'yar bori. A kai jan zakara ko baƙin bunsuru, a dawo da magana: kada ka fita rana kaza, wane yana binka da sharri, iska kaza tana neman jini. Ba raina su muke yi ba. Tsoro ne ya kewaye su, suka nemi mafita inda suka sani. Iyayenmu da suka karɓi bishara sun ƙone layu, sun bar yanka a gindin tsamiya, waɗansu suka sha tsangwama a gidajensu saboda haka. Sai dai ƙishin sanin gobe ba ya ƙonewa tare da laya.

Shi ya sa yau za ka ga ɗan ekklesiya, wanda ko kusa ba zai taka ƙofar boka ba, yana da lambar wani "mai gani" a wayarsa. Ya tura masa kuɗi, shi kuwa ya yi masa wahayi: ya gaya masa wadda zai aura, ya gaya masa wata tsohuwa a gidansu ta ɗaure arzikinsa. An dai canja wa tuwo suna. Tsohuwar nan kuwa, mai yiwuwa ita ta goya shi, ta wayi gari jikanta ba ya cin abincinta. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana jama'ar Allah duba da sihiri, ba a kuwa ce in an ambaci sunan Yesu a kai ya halatta ba.

Ku duba Sarki Saul cikin 1 Sama'ila 28. Filistiyawa sun ja dāga, Sama'ila ya rasu, Allah kuwa ya yi masa shiru. Sai ya ɓad da kama, ya tafi da dare wurin wata mai duba a Endor. Labarin goben da ya je nema ya same shi, gaskiya ne kuma: aka gaya masa kashegari shi da 'ya'yansa za su mutu. Me ya amfana? Ya faɗi ƙasa warwas, ƙarfinsa ya ƙare, ya tashi ya tafi ya mutu a Dutsen Gilbowa. Shekaru kafin wannan dare Allah ya riga ya gaya masa abin da zai yi a fili ta bakin Sama'ila, ya ƙi ji. Wanda ya toshe kunnensa da rana, shi ne yake yawon neman murya da dare.

Sa'an nan ku duba Bulus cikin Ayyukan Manzanni 21. A Kaisariya, a gidan Filibus mai bishara, wani annabi mai suna Agabas ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure nasa hannuwa da ƙafafu, ya nuna yadda za a ɗaure Bulus a Urushalima. Annabcin gaskiya ne, babu algus. 'Yan'uwa suka yi ta kuka suna roƙonsa kada ya tafi, har Luka da ya rubuta labarin yana cikin masu roƙon. Bulus ya tafi, aka kuwa ɗaure shi. To, wane ne ya ji muryar Allah daidai? Dukansu sun ji abin da zai faru. Amma Bulus ya san aikin da aka sa shi, ga kuma gudummawar ekklesiyoyi a hannunsa wadda zai kai wa matalauta masu bi na Urushalima. Sanin gobe bai canja masa aikin yau ba. A nan bambancin yake. Boka yana sayar da labarin abin da zai faru. Ubangiji kuwa yakan nuna wa ɗansa abin da ya kamata ya yi, ya riƙe sanin gobe a hannunsa.

Mai Zabura ya kwatanta maganar Allah da fitila. Duk wanda ya taɓa komowa daga ban ruwa da dare da tocila a hannu ya san iyakar haskenta: taku uku ko huɗu a gabanka. Ba ta nuna maka Bagwai tun daga Bichi. Amma tana nuna maka rami, tana nuna maka kububuwa a kan hanya, in ka bi ta kuwa za ka kai gida.

Yawancin nufin Allah a rubuce yake, ba ya bukatar mafarki ko azumi. Babu mai bi da zai durƙusa ya tambayi Allah ko ya jera ruɓaɓɓen tumatir a gindin kwando ya rufe da mai kyau a sama. Babu wanda zai nemi alama kafin ya biya bashin takin da ya ci da damina. Kada a matsar da iyakar gona, wannan yana nan cikin Karin Magana 22. Wanda gonarsa take kusa da bakin hanyar ruwa, ya tashi da tsakar dare ya toshe, ya bar na ƙasa da shi shukarsu tana bushewa, ba shi da wata tambaya da zai yi wa Allah sai roƙon gafara. Mun lura da wani abu: mutumin da yake wasa da abin da Allah ya faɗa a fili, shi ne ya fi kowa kukan cewa Allah ya ɓoye masa nufinsa. Malamin makaranta ba ya ba yaro sabon darasi alhali bai yi aikin jiya ba.

Amma gaskiya ne akwai abubuwan da ba a rubuta ba. Babu ayar da ta ce Legas ko bakin dam. Babu surar da ta ambaci sunan yarinyar da za ka aura. A nan ne mutane suke kama alamu, bari kuwa mu auna su.

Na fari mafarki. Ba mu musun Allah yana magana cikin mafarki. Ya yi da Yusufu ɗan Yakubu, ya yi da Yusufu mijin Maryamu har ya gudu da Yaron zuwa Masar. Amma Littafin nan da ya ba mu labarinsu shi ne ya gargaɗe mu cikin Mai-Wa'azi 5 cewa yawan damuwa yana haifar da mafarki, Annabi Irmiya kuwa cikin sura 23 ya kwatanta mafarkan annabawan ƙarya da ƙaiƙayi a gefen tsaba. Saurayin da ya wuni yana tunanin yarinya, in ya gan ta cikin barci, ina abin mamaki?

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da ta fara yawa a cikin matasanmu. Saurayi ya tare yarinya bayan sujada ya ce, "Ƙanwata, Ubangiji ya nuna mini ke ce matata." Yarinyar da aka goya cikin tsoron Allah sai ta rikice, ta ga kamar in ta ƙi shi, Allah ta ƙi. 'Yan matanmu, ku kwantar da hankalinku. Amsar ba ta da wuya: "Yayana, na ji. Wanda ya nuna maka ya san ƙofar gidanmu, in daga wurinsa ne zai nuna mini ni ma. Ka turo manya su ga Baba." Baran Ibrahim ya ga amsar addu'arsa a bakin rijiya, cikin Farawa 24, duk da haka sai da ya shiga gida ya yi magana da iyayen, su kuma suka kira Rifkatu suka tambaye ta da bakinta ko za ta tafi.

Akwai kuma takardar asibiti. A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, a ciki har da gwajin jini na sikila, wato amosanin jini. Lissafin ba ya canjawa: in saurayi AS ne, yarinya kuma AS, kowane cikin da za ta ɗauka yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ba a ce ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kowane ciki ne da nasa lissafin, ana iya samun uku a jere. Mun sha jin masu cewa, "Allah ya riga ya nuna mana, takarda ba za ta raba mu ba, bangaskiya ta fi likita." Muna tausayinsu ƙwarai, gama soyayyar shekara biyu ko uku ba abin wasa ba ce. Gidajen da suke renon masu sikila kuma ba su yi zunubi ba, 'ya'yansu kyautar Allah ne kamar na kowa. Amma ku tambayi uwar da ta kwana a zaune tana danna ƙafar ɗanta yana ihu har asuba, ku ji abin da za ta gaya muku. Allahn da ya halicci jini shi ne ya ba mutum sanin auna shi. Sa'ad da Iblis ya kai Ubangijinmu ƙolin Haikali ya ce ya diro, har da ayar Zabura ya kawo masa, Yesu kuwa ya kira wannan gwada Allah. Shawararmu ita ce a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zuciya ba ta yi nisa ba.

Masu rufe ido su buɗe Littafi Mai Tsarki su ɗora yatsa a kan aya, ba za mu daɗe a kansu ba. Bugun ƙasa ne da takarda. Masu kafa wa Allah sharaɗi irin na Gidiyon da ulunsa su sake karanta Littafin Mahukunta 6: an riga an gaya wa Gidiyon aikinsa sarai, tsoro ne ya sa shi neman alama, har ya roƙa kada Allah ya yi fushi da shi. Allah ya yi masa haƙuri. Kuri'a kuwa, ta ƙarshe da muka gani cikin Sabon Alkawari ita ce wadda aka jefa a kan Matiyas, kafin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Bayan Fentikos ba mu ƙara ganin manzanni sun jefa ta ba.

Alamar da ta fi ruɗin magidanta ita ce buɗewar ƙofa. "Malam, kome ya zo da sauƙi, ai hannun Allah ne." Yunusa ma kome ya zo masa da sauƙi. An aike shi Nineba, ya gangara Yafa, ya tarar da jirgin Tarshish yana shirin tashi, ga wuri, ga kuɗin jirgi a aljihunsa. Har ya shiga can ciki ya yi barci mai nauyi, wato yana da abin da muke kira kwanciyar rai, alhali gudun Allah yake yi. Ubangijinmu kuwa a Getsamani yana tsakiyar nufin Uba, ransa yana shan wuya matuƙa. Saboda haka kwanciyar rai shaida ce, amma ba a yanke shari'a da ita kaɗai. A 2016 mutane da yawa a ƙasar nan suka zuba kuɗinsu cikin MMM, waɗansu har suna ba da shaidar godiya a gaban jama'a don ribar wata guda. A watan Disamba na shekarar aka kulle kuɗin. Ba sai annabi ya faɗa ba, ribar da ba a ga gonarta ko shagonta ba daga aljihun wani take fitowa.

To, rufewar ƙofa fa? A nan muna so mu daɗe kaɗan, domin nan ne masu bi na kirki suke karaya.

A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasashen nan namu. Masu wa'azin da suka tarar a can suka gargaɗe su cewa ba za su kai ba. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kuwa ya koma Kanada a 1895. A 1900 ya sake zuwa, zazzaɓi ya kayar da shi a Legas, aka mayar da shi gida. Sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aiki na SIM ne ekklesiyar ECWA ta fito a 1954. Haka kuma a 1900 Bishop Tugwell na CMS da abokan tafiyarsa suka iso birnin Kano, Sarki Aliyu Babba ya umurce su su fita. Suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. A cikin waɗanda aka sallama akwai Likita Miller, wanda daga baya ya zauna Zariya, ya ba da shekarunsa ga juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Ƙauyukan Kano kuwa ƙofarsu ba ta buɗe sosai ba sai cikin shekarun 1930, ta hanyar da ba wanda ya zata, wato jinyar masu kuturta a Yadakunya.

Da a ce muna Legas a 1895 aka tambaye mu, me za mu ce? Kaburbura biyu, babu tasha ko ɗaya. Da yawancinmu mun ce yaran nan ba su ji daidai ba. Gargaɗin da aka yi musu kuwa ba ƙarya ba ne, zazzaɓin yana nan, kamar yadda sarƙar Bulus take nan a Urushalima. Ba mu kawo wannan domin kowane saurayi ya yi watsi da maganar manya ya ce shi Bingham ne ba. Mun kawo shi domin a ga cewa abin da ya biyo bayan shawara cikin shekara ɗaya ko biyu ba ya isa ya nuna ko Allah ne ya bishe ka.

Manomin da ya yi addu'a, ya yi shawara, ya yi lissafi, ya dasa tumatir a 2016, tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonar ƙurmus, kada ya zauna yana cin kansa cewa ya kuskure muryar Allah. Tsutsar ba ta tambayi wanda ya yi addu'a ba, ta ci na kowa. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin nan da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, 'ya'yan maƙwabtanmu. Kada bakin mai bi ya kuskura ya fassara irin wannan. Sa'ad da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa mutum 18, cikin Luka 13, Yesu ya hana masu sauraronsa su ɗauka waɗannan sun fi sauran mutane laifi. Aikinmu a ranar makoki shi ne mu je gaisuwa mu yi kuka da masu kuka. Abin da za a koya kuwa a fili yake: hukuma ta ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa, saboda haka a ƙirga kawuna kafin a tura jirgi.

Wannan ƙirga ma tana cikin bishewar Allah. Yesu da kansa, cikin Luka 14, ya yi misali da mai gini wanda yake zama ya yi lissafi kafin ya haƙa harsashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, wanda zai ja ruwa da inji dole ya zauna da fensir: man inji nawa, taki nawa, magani nawa, kwando da kuɗin mota nawa, sa'an nan ya tuna lokacin da nasa zai nuna shi ne lokacin da na kowa zai nuna, kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Manzo Yakubu ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙa a wurin Allah. Hikima ya ambata. In ka roƙa aka ba ka, sa'an nan ka ajiye ta kana jiran murya daga sama, ka zama kamar wanda ya roƙi garma aka ba shi, ya jingine ta yana jiran kunya ta tashi da kanta.

Sai shawara, wadda Hausawa suka ce ɗaukar ɗaki ce. Bulus da Barnaba ba su tashi da kansu ba. Cikin Ayyukan Manzanni 13 ekklesiyar Antakiya tana sujada da azumi aka keɓe su, ekklesiya ta ɗibiya musu hannu ta sallame su. Yaron da yake jin kira zuwa Tofa, in kiran na gaske ne, dattawa da matan zumunta sun riga sun ga alamarsa: yadda yake koyar da yara ran Lahadi, yadda yake riƙe kuɗin ƙungiyar matasa, yadda yake amsa wa uwarsa. Kiran da babu wanda ya gani sai mai shi, a ba shi shekara guda a gona tukuna. Ba ya ruɓewa. Sauri ya haifi nawa.

Amma a zaɓi wanda za a tambaya. Rehobowam ya tambayi dattawa, maganarsu ba ta yi masa daɗi ba, ya koma wurin abokan wasansa ya sami amsar da yake so, kabila goma suka ɓalle. Da yawa cikinmu haka muke yi, mu yi ta zagaya har mu sami mai cewa i. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wani babban aljihunsa yake hangowa. Gwauruwar da aka yi wa tayin gona kada ta nemi shawarar dillali, ko ta ƙanen miji mai jiran kaso. Ta nemi dattijo ko dattijuwar da ba za su ci kobo a ciki ba, ta sa 'ya'yanta a maganar, gama gadonsu ne. Ubanni kuma su binciki zuciyarsu: kana hana yaron tafiya domin ka ga hatsari ne, ko domin ka rasa mai riƙe maka garma?

Akwai mai ba da shawara guda da magidanta suka fi mantawa, tana kuwa cikin gida. Mutum ya yi shawara da fasto, da abokai a gindin bishiya, da direban mota, matarsa kuwa sai ta ji a bakin rijiya cewa an jinginar da gona. Ita ce ta san yawan hatsin da ya rage a rumbu, ita ce za ta riƙe yara wata biyar in ka tafi. Nabal bai tambayi Abigiyel ba, ita ce kuwa ta ceci gidan. In matarka mai tsoron Allah ta ce, "Maigida, raina bai kwanta da wannan ba," ka dakata. Allah ya mai da ku jiki ɗaya, da wuya ya bi da rabi gabas rabi yamma.

Wani lokaci duk an yi wannan, an karanta, an yi addu'a, an ƙirga, an yi shawara, hanya biyu kuwa suna nan, babu zunubi a ko ɗaya. Sai ka zaɓa, ka tafi da gaba gaɗi. Mun ga wannan a cikin 2025, sa'ad da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga wajen Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Wani gida ya kwashe mata da yara ya kai su cikin gari, wani ya zauna. An zurara Bulus cikin kwando ta bayan garun Dimashƙu ya tsira da ransa. Nehemiya kuwa aka ce ya gudu ya ɓuya, ya ƙi. Dukansu bayin Allah ne. Wanda ya tashi kada ya kira na zaune wawa, wanda ya zauna kada ya kira mai tashi marar bangaskiya. Ekklesiyar cikin gari ta shimfiɗa tabarma, ta ƙara ruwa a tukunya.

Ga samarinmu da suka riga suka yanke shawarar ci-rani bana, muna da roƙo. Manzo Yakubu cikin sura 4 ya yi magana da irinku sak, masu shirin zuwa wani gari su shekara suna ciniki. Bai hana tafiyar ba, fahariyar ya hana, ya ce a jingina shirin ga yardar Ubangiji. Kafin ka hau mota, ka auna wa iyalinka hatsin da zai kai su har ka komo. Ka gaya wa mahaifinka ranar da za ka dawo sharar gona. Ka karɓi takarda daga wurin fasto zuwa ga ekklesiyar Hausa ta inda za ka, ko Agege ne ko Mile 12, kamar yadda 'yan'uwa na Afisa suka rubuta wa Afolos sa'ad da zai haye Akaya. Ka miƙa ta ran Lahadin fari da isarka, kada ta kwana uku a jaka.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba zancen bashin taki da jinginar gona, gama wasiƙu sun taru a kansa.